Hodar da Ta Kashe Faifai

Idanunta kawai ya fara gani. A ɗakin da ake sarrafa faifan silikon, wanda da shi ake yin ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, kowa a rufe yake ruf cikin farar riga. Ƙwayar ƙura ɗaya kan ɓata aikin shekara, shi ya sa aka haramta shiga da hoda. Shi ke kula da injuna, ita kuwa tana digiri na uku, kuma ƴar shugabar jami'ar ce.

"Mai Idanu, safar hannunki ta yage."

"Injiniya, injuna aka ba ka ko kallon mutane?"

Da uwarta ta ji labarin soyayyarsu, cewa ta yi, "Shekara ashirin ina gina ɗakin nan, ki rasa wanda za ki so sai mai goge bututu?"

Ran da ya ce zai jira ta bayan aiki, ta ɗan shafa hoda, a ganinta takunkumi zai rufe. Faifai goma sha biyu suka lalace, wahalar shekara uku ta ɗalibai shida.

A gaban kwamitin bincike ya ce shi ne bai canja matatar iska ba. Aka kore shi. Saƙo ɗaya ya turo: "Mai Idanu, yi shiru ki gama karatunki. Kar ki neme ni."

An ce mai haƙuri kan dafa dutse, ba a dai taɓa nuna mana wanda ya sha romon ba. Sati biyu ta iya yin shiru. Ta je gaban kwamitin ta faɗi gaskiya.

A ofis, uwar ta sa hannu a takardar korar ƴarta.

"Shi ma ba za a dawo da shi ba, ya yi wa kwamiti ƙarya."

"Na sani, Mama."

"Kun yi biyu babu." Ta cire tabarau ta murza idanu. "Amma tunda nake a jami'ar nan ban ga wanda ya ɗauki laifin wani ba, sai dai ya ɗauki aikinsa. Ce masa ya zo."

Auren bai yi jama'a ba. Cikin ɗaliban shida ko ɗaya bai leƙo ba. Da safe uwar ta buɗe gwangwanin hoda, ta ɗago haɓar amarya.

"Tsaya in shafa miki da kyau. Yau babu abin da za ki ɓata. Allah ya yi muku albarka."