Awa Goma Sha Ɗaya Daga Jidda

"Awa nawa?!" Ratri ta daka tsawa cikin waya, ta manta gawar mahaifinta na kwance a falo.

"Goma sha ɗaya, Dik... daga Jidda zuwa Surabaya, sai mota awa huɗu zuwa gida. Kuma jirgin sai gobe."

Teguh ke nan, wanda ya sa mata zoben baiko ya tafi tuƙin motar alhazai shekara uku da suka wuce. Dik yake kiranta, wato ƙanwa, ita kuma ta ce masa Mas, wato yaya. Sau uku yana sa ranar dawowa, sau uku yana ɗagawa.

A garin nan, mai baiko in ubanta ya rasu, a gaban gawar ake ɗaura mata aure. In aka binne ba a ɗaura ba, sai shekara ta zagayo.

Pakde Harjo, yayan mahaifinta, ya leƙo ɗakin.

"Bayan la'asar za mu kai shi. Ba zan ajiye ƙanena cikin zafin nan saboda direba ba!"

Matarsa ta matso tana raɗa. "Ga ɗan ƙanwata can, tun safe yake jera kujeru. Shi ba sai ya hau jirgi ba..."

"Bude!" in ji Ratri. "A gidan mutuwa kike talla?"

"Abar ƙaunata, saurara," in ji Teguh ta cikin wayar. "Zan wakilta yayana ta waya. Liman ya ce ya halatta..."

"Ta waya! Wata shida Baba yana kwance, kullum sai ya sa an aske shi, wai kada ka iske shi a hargitse. Hannunka yake so ya riƙe, Mas, ba wayar yayanka ba!"

"Maigidana ne ya hana ni hutu..."

"Shekara uku? Ni ina zaton bangon duniya kake! Ashe awa goma sha ɗaya ne. Ko wunin da nake yi a kan keken ɗinki bai kai ba!"

Ta kashe wayar.

"Pakde, in an yi la'asar ku ɗauke shi. Ya gaji da jira."

Kwana biyu bayan haka tana maƙabarta da hantsi, tana watsa furanni daga kwando a kan kabarin mahaifinta, ta ji ana jan akwati a bayanta. Teguh ne, bai ko biya gida ba. Ya rame, idanunsa sun yi ja.

"Na ajiye aikin, Dik. Ba zan koma ba."

Ta so ta kwaɗa masa kwandon. Hannunta ya ƙi.

"Shekara guda, Mas. A nan za ka yi ta, inda zan riƙa ganinka kullum ina jin haushinka."

"Na yarda..."

Ta tura masa kwandon a ƙirji, hawaye na zuba mata.

"To durƙusa ka gaishe shi. Kai za ka gaya masa abin da ya tsare ka, ni na gaji da yi masa ƙarya saboda kai."