Ranar da Aka Cire Dokar Jirage Ɗari Biyar

Injinan sanyaya Ƙwaƙwalwar Gari, babbar na'urar da ke tafiyar da garin, suna ta gurnani a ƙarƙashin Sabuwar Funtuwa, jiragen yaƙi kuma suna shawagi a allon Injiniya Barira, mai kula da ita. Wasan Mulkin Taurari ke nan, wanda rabin garin ke bugawa. Na'urar da ke ɗauke da wasan ita ce ke shayar da gonakin da ake nomawa a benaye, shi ya sa Barira ta kafa doka: kada jirage su wuce ɗari biyar a karo guda.

Lawwali, shugaban 'yan wasa, ya faɗo ofishinta ko sallama babu.

"Wannan yaƙi ne ko wasan yara? Shekara uku ina ƙera jirage dubu tara, na isa fagen fama ki ce su yi layi kamar masu jiran mota! Ina dabara a nan? Wanda ya riga shiga shi ke ci!"

"Malam Lawwali, kowane harsashi sai na'ura ta lissafa inda zai faɗa. Ba mugunta ba ce, iyakar ƙarfinta ke nan."

"Lalaci dai!"

Ya tara sa hannun mutum dubu sittin ya kai majalisar gari. Zaɓe ya matso, sai majalisa ta soke dokar. Barira ta buga tebur, ta yi gargaɗi a rubuce har sau uku. Aka karɓe makullinta na ɗakin injin.

Ranar Asabar da hantsi, tsakiyar bazara, jirage dubu arba'in suka fuskanci juna. An gina Ƙwaƙwalwar ne ta fara biyan buƙatar da ta fi yawan masu nema, don haka ta juya ga yaƙin gaba ɗaya. Famfunan gonaki suka tsaya. Barira ta yi ta kiran majalisa, babu mai ɗauka, duk suna kallon yaƙi. Sai bayan awa biyar ta samu ta ɓalle ƙofar ɗakin injin da guduma, ta fizge wayar wasan, tafin hannunta ya ƙone.

Kafin nan bene goma sha ɗaya na shuka sun bushe.

Da la'asar Kande, yayar Lawwali, wadda ke noman tumatir a bene na bakwai, ta same shi a zauren wasa. Ta zube masa busasshen dashe a cinya.

"Wata biyu ina renonsu. Dare da rana na yi a kansu, kai kana can kana mulkin taurari! To faɗa mini, wa ya ci?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake, Lawwali! Wa ya ci?"

"Babu kowa, Yaya. Har aka kashe, na'urar ba ta gama lissafin harbin farko ba."