Baƙin Tsamiyar Malam

Ranar Talatar da shamuwa ta sauka a wani ƙauye, gab da ruwan farko, ranar aka yi ɓarnar.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki. Kowace bazara yakan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyarsa, yana kallon shamuwoyi suna gyara sheƙa. Da ganinsu manoma ke fito da iri.

Sai ga wani saurayi mai ɗaukar hoton tsuntsaye.

"Baba, so nake in ɗauke su suna tashi."

"Zauna ka jira, ɗana."

Ya ɗan zauna, ya miƙe. "Baba, waɗannan ba su da niyyar tashi."

"Zauna ka jira. Daga nesa suke, gajiya ce."

Malam na shiga gida yin alwala, saurayi ya ɗauki hoge ya jefi reshe. Shamuwoyi suka watse, ya samu hotonsa. Har aka gama shuka ba su dawo ba.

Rannan sai ga saurayin da hoton cikin gilashi. "Baba, ga tsaraba."

Malam ya dubi hoton, ya dubi tsamiya fayau. "Wannan ne zai gaya wa manomi ruwa ya kusa? Tun kakanni ba a jifan shamuwa a garin nan."

Saurayi ya rage murya. "A yi haƙuri, Baba."

"Ba da raɗa ba! Ni kaɗai ka korar wa baƙi? Ranar kasuwa za ka tsaya a nan, gaban manya da yara, ka ɗaga hoton, ka faɗi yadda ka same shi, ka nemi gafarar gari. Kafin nan, zauna ka jira."