Akuyar Luba da Dorinar Malam

Da ƙyar na yarda na rubuta wannan labari, don Luba ta roƙe ni kada kowa ya ji zancen akuyar. To, sai dai ta yi haƙuri.

A shekarun da ake ta raɗe-raɗin jirgin ƙasa zai iso Gusau, Dogo mai fataucin gyaɗa ya taso daga Bilbis da jakunansa. Ƙishirwa ta tsayar da shi a Bungudu, ƙofar makarantar Malam Ɗahiru. Ɗiyar Malam ce ta fito da ƙwaryar ruwa, kanta a sunkuye. Dogo ya sha, ya nemi ƙari, ya sake nema.

"Bawan Allah, randarmu ta kusa ƙarewa," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙishirwar ta tafi tun ƙwaryar farko, 'Yar Malam. Sunanki nike jira."

Ta ce "Luba," ta ruga gida, ta bar masa ƙwaryar.

Makarantar tsohuwa ce. Kakan kakan Malam ne ya kafa ta. Ya yi wa zauren gajeriyar ƙofa don kowa ya rusuna wa ilimi kafin ya shiga, ya kuma bar wata dorina da tsufa ya baƙanta, da ƙa'ida a kanta: ba a ba da ɗiyar gidan ga namijin da bai taɓa ɗanɗana ta a zauren ba.

Da manyan Dogo suka zo neman aure, Malam ya ce, "Ɗanku bai sha dorina ba. Da an gama kaka ɗalibina Mas'udu zan ba."

Mas'udu ya gyara zama. "Ni kam tun ina ƙarami nike shan ta. Bayana duk shaida ne."

Dogo ya sayi allo, ya shiga makaranta, ya zauna cikin ɗalibai gwiwoyinsa na taɓa kunnuwansa. Ya makara da gangan, Malam ya ce, "Sannu da isowa." Ya kifar da tawada, Malam ya ce, "Allah shi kiyaye gaba." Ya yi barci har da minshari, Malam ya sa aka kawo masa matashin kai.

Labari ya kai wa Luba. Ta ƙi cin tuwo. Da Dogo ya leƙo ta saman katanga, abin da ba ya buƙatar ɗage ƙafa, ta juya masa baya.

"An ce tun da aka kafa makarantar nan ba a yi lalatacce irinka ba."

"Don ke ne, hasken idona! Duka nike nema, babanki ya hana ni. Ban taɓa ganin rowa irin wagga ba."

Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen zane. Ga gero har ya fara nuna a gonaki. Ta daɗe tana kallon akuyarta Kyalla, wadda ba ta ganin ƙwarya ta wuce.

"Gobe ma ka makara, Giginyata. In ka ji hayaniya, ka shigo da gudu."

Da hantsi Malam ya ajiye furarsa a gefen buzu. Sai ga Kyalla ta ƙofar cikin gida, ta tsoma baki har ido. Malam ya yi salati, ya fizgi dorina, ya bi ta. Akuya ta yi ƙofar waje, daidai lokacin da Dogo ya naɗe kansa biyu yana shigowa. Ji kake tsaf! a gadon bayan Dogo.

"Alhamdulillahi!" Dogo ya kurma ihu. "Jama'a ku shaida!"

"Akuya na nufa!" in ji Malam.

Iya, mahaifiyar Malam, ta leƙo tana dogara sanda. "Malam, kakanninka cewa sunka yi wanda ya sha. Ba su ce wanda anka nufa ba."

"Guda ɗaya tak fa, Iya!" in ji Mas'udu.

"Kai da ka sha ba adadi, mi ta ƙara maka?"

Malam bai yi dariya ba. Ya dubi igiyar da ke jan ƙasa a wuyan Kyalla. Ba tsinkewa ta yi ba.

"Wa ya kwance akuyar nan?"

Can daga bayan ƙofa wata 'yar murya ta ce, "Ni ce, Baba."

Luba ce, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga kai a gabansa ba. Malam ya rataye dorina a ƙusarta.

"Tashi, Dogo. Amma allon nan ba ka aje shi ba sai ka sauke. Kuma matashin kaina, a maido mini."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Mutanen Tsafe da Nahuce suka cika ƙofar gida, Mas'udu ma ya zo, shi ya fi kowa cin waina. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, masu tsawo daidai ƙofa." Aka shafa ana dariya.

Washegari da sassafe, kafin amarya ta ɗora wa ango ko ruwan zafi, ta cika ƙwarya da dusa, ta yayyafa gishiri, ta kai wa Kyalla.