Ruwan Zafin Tasalla

Ku matso. Kai Ilu, rufe bakin nan ko in fasa.

Tasalla ƙanwar kakarmu ce. Mijinta Barau aka yi wa aikin ƙaba a asibiti, aka sallamo shi da ɗinki a mara. Nas ta ce a tafasa ruwa da gishiri, a bari ya huce, a wanke hannu, sannan a goge ciwon da auduga mai tsabta.

Tasalla akwai kula, amma akwai gaggawa. Ran nan da almuru ta ɗebi ruwan da za ta yi aiki da shi, sauran tafasasshen ta watsa bayan katanga. Ko bisimilla babu.

Da safe ɗinkin ya buɗe, yana ruwa.

Ta kama hanyar rafi za ta sayo auduga, rana tsaka, ita kaɗai. Sai ga wata mata da goyo, tsaye a kan yashi. Babu sawu ko ɗaya kewaye da ita. Da ta yi magana, bakinta na gaba, muryar kuwa daga bayan Tasalla take fitowa.

Matar ta kwance goyon. Bayan yaron duk ya saɓule.

"Ruwanki ne," in ji ta. "Yadda bayan ɗana ya yi, haka cikin mijinki zai yi."

Wallahi ko ni da nake faɗa tsigar jikina tashi take. Tun daga ranar, kullum Tasalla sai ta raba audugar biyu. Ta wanke ciwon Barau, ta tafi rafi ta wanke na yaron. Bayan yaro ya fara bushewa. Ciwon Barau ma ya kama haɗewa, har yana zama ya sha kunu.

Nan dangi suka sa baki. Wai wace irin mace ce za ta bar majinyaci tana yawon rafi? Ta faɗa musu abin da ta gani, ta yi rantsuwa, ta yi kuka, suka ce ta zare. Yayan Barau ya zauna a zaure ya tare ƙofa.

Sai da ta haura katanga, bayan kwanaki. Ta tarar da matar zaune, bayanta babu kowa. Ta miƙo wa Tasalla zanen goyon, fari, a ninke.

"Ni na gama da shi. Kai gida, ana jira."

Tun kafin ta kai bakin gari ta jiyo kururuwa daga gidansu.

Don haka kar in ga wanda ya zubar da ruwan zafi bai yi bisimilla ba. Hanyar rafi kuwa, in ba ku kai biyu ba, ku haƙura.