Abin da Ke Amsawa a Ɗakin Baya

Magariba ce irin ta kullum a unguwar su Alƙasum, can arewacin Tawa. Awaki sun shigo, hayaƙin tuwo ya kwanta a kan katangu, matarsa Tanna tana ta faɗa da kaji a bakin madafi. Shi kuwa yana biro, ɗakin da ke jikin zaure, inda yake zana wa mutane pilan na gidaje da shaguna tare da ɗiyarsa Shamsiya, wadda ta koyo aikin a makaranta har ta fi shi saurin hannu. Kwamfutocinsu suna jere, waya ta haɗa su rezo ɗaya, kowace tana ɗauko zane daga wata babba da ke lungu.

Tun farkon damina manhajar zanen ta koyi wani mugun hali. Ka danna ta, sai ta nuna fuska ta tsaya cak. Ka ɗora shayi, ka sha na fari, ka kusa shan na biyu, sannan ta ga damar buɗewa. Da hantsi da ɗan sauƙi, amma da zarar rana ta yi ja, sai dai haƙuri. Shamsiya kuwa, Allah bai yi ta da haƙuri ba. Ranar nan wani ɗan kasuwar Barmu yana jiran pilan ɗinsa, sai ta yi ta dannawa, ta rufe, ta sake dannawa, kamar mai dukan ƙofar kurma.

Alƙasum ya ce, "Ke, bar shi hakanan, an kusa kiran salla."

Ta buga tebur ta ce, "Baba, wai wa ke riƙe da abin ga? In mutum ne ya amsa mu ji!"

Ba ta rufe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon biro. Wani ya biyo shi, wani ya sake biyowa. Alƙasum ya fita da gudu yana shirin zagin yaran unguwa, ya tarar da titi wayam, kowa ya tafi masallaci. Ya duƙa ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun. Baƙi ne irin na tsaunukan Adar, kuma jiƙe yake sharkaf da sanyi, alhali ranar ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Da ya koma ciki, manhajar ta buɗe, Shamsiya tana zaune ta ɗora hannuwa a kan cinya. Ya kira sunanta, ba ta ko juyo ba. Ya sake kira, shiru. Sai da ya yi alwala ya dawo, sannan ya ji ta ce "Na'am", da wata murya ta tsohuwa, a shaƙe.

Daga ranar gidan ya canza. Ka yi wa yarinyar magana, sai ka manta ka yi, sannan amsa ta zo, ita ma ba da muryarta ba. Ta daina cin abinci sai an ɗura mata kunu. Kullum yamma sai ta ja tabarma tsakar gida, ta zauna tana fuskantar ɗakin baya, ɗakin marigayiya mahaifiyar Alƙasum, wanda ke rufe da kwaɗo. An kai ta likita, aka auna, aka ce ba a ga kome ba. Duwatsun kuwa ba su fasa ba, kowace magariba sai sun sauka, kuma kaji sun daina kwana a wajen ɗakin nan. Tanna ta rame don kuka. Alƙasum tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa sani ba, domin yana kallon ɗiyarsa tana nisa da shi kullum, ga ta kuwa a gabansa.

Aiki dai ba ya jira, sai ya kira Illa, abokinsa mai gyaran kwamfuta, wanda ya shimfiɗa musu rezon tun farko. Illa ya zo bayan la'asar yana raha. Ya canza waya, ya share tarkace, ya duba ko ƙwayar cuta ce, duk a banza. Sai ya zare wayar rezo daga kwamfutar Shamsiya ya danna manhajar, ta buɗe nan take. Ya mayar da wayar, ta sake tsayawa.

Ya ce, "To, na kama ta. Kahin ta buɗe, tana neman haruffa da alamun ƙohohi da tagogi, kuma har yanzu wurin tsohuwar babbar kwamfutarku take nema. Ina kunka kai ta?"

Alƙasum ya gaya masa. Tsohuwar kwamfutar tana ɗakin baya. Can suka ajiye ta tun asali saboda kaurin bango da sanyin ɗakin, aka bi da waya ta ƙarƙashin tsakar gida har biro. Da wuta ta ƙone ta a bazara, ya sayi sabuwa ya kafa a biro, ya ja ƙofar ɗakin ya danna kwaɗo. Bai cire wayar ba, bai kuma yar da kwamfutar ba, don zanensa na shekaru duk yana cikinta, yana ta cewa zai kai ta Yamai a ciro masa. Ɗakin ya yi kusan rabin shekara babu mai shiga, babu mai turara shi, babu mai yi masa sallama.

Illa ya ce, "Ai shi ke nan. Tana kira, ta ji shiru, ta gaji ta buɗe." Ya ci gaba da danne-danne, sai rahar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi Alƙasum. "Kwamfutar can, akwai wuta jikinta?"

"Wace wuta? Ta ƙone, ko filogi babu."

"To, wallahi ana amsawa. A hankali, amma ana amsawa."

Rana ta riga ta yi ja a kan katanga. Illa ya ce bari ya goge sunan tsohuwar kwamfutar daga manhajar, ta daina kira gaba ɗaya. Ya kai hannu ke nan, wata ƙara ta tashi daga tsakar gida, wadda ta sa awaki suka tsinke igiya. Suka fita a guje, suka tarar Shamsiya ta miƙe tsaye ƙyam, idanunta sun juye, Tanna na riƙe da ƙafafunta tana salati. Illa bai ko koma ɗaukar jakarsa ba.

Washegari Alƙasum ya tafi Afala ya ɗauko Malam Ashiru, wani dattijo siriri mai ƙaramar murya, wanda aka sani da irin wannan aiki. Malam bai yi gaggawa ba. Ya zagaya gidan, ya tsaya a ƙofar ɗakin baya ya daɗe, ya sa aka nuna masa inda wayar ta nutse a ƙasa da inda ta ɓullo. Ya sa aka kirawo Illa, ya zo yana noƙewa. Da rana ta faɗi, aka zaunar da yarinyar a tabarma, aka zuba turare a kasko, Malam ya fara karatu. Duwatsu suka yi ta sauka a kan kwano, ko ɗaga kai bai yi ba. Can jikin Shamsiya ya ɗauki kyarma, wuyanta ya sandare.

Malam ya ce, "Salamu alaikum. Wa muke magana da shi?"

Wannan karon amsar ba ta jinkirta ba. Muryar tsohuwar ta ce, "Yau anka tuna da sallama?"

"Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Na iske ɗaki babu kowa, na shiga da ɗiyana. Na iske akwatin ƙarhe mai duhu, na kwantar da jinjirina ciki. Ban taɓa kowa ba. Amma ku, sahe da marece kuna buga mini ƙoha ta ƙarƙashin ƙasa, ba sallama, ba magana. In na taso in amsa, babu kowa. Jinjirina bai barci. Ranar nan ta yi ta bugu, ta yi ta bugu, ta ce in amsa. To, na biyo hanyar na zo na amsa."

Alƙasum ya durƙusa. Malam ya ce mata ba da sani aka yi ba, ta ji tsoron Allah ta fita. Ta yi wata dariya mara daɗi, ta ce jiya ma sun so toshe hanyar tana waje, da sun yi, da ita da yarinyar sai kabari ya raba su. Illa ya sunkuyar da kai, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Malam ya ce, "Faɗi abin da kike so."

"Ku buga sau ɗaya, da sallama, in bi in koma. Sannan ku yanke hanyar. Ɗakin nawa ne, da akwatin da abin da ke ciki. Wanda ya buɗe, na dawo."

Malam ya juyo ya dubi Alƙasum. Duk gidan da ya taɓa zanawa a Tawa yana cikin akwatin nan, tun daga na farko. Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Na bar mata. Ta ba ni ɗiyata."

Shi da kansa ya shiga biro. Ya yi bisimilla, ya ce "Salamu alaikum" da ƙarfi, yana jin kunyar kansa da tsoro a haɗe, ya danna. Manhajar ta nuna fuska ta tsaya. Duwatsu suka ɗauke. Gidan ya yi shiru, ba ka jin kome sai karatun Malam can ƙasa-ƙasa. Alƙasum ya ƙura wa allon ido, bai taɓa jin jira mai tsawon wannan ba. Sai ya ji atishawa daga tsakar gida, mai ƙarfi, a daidai lokacin manhajar ta buɗe.

Malam ya ɗaga murya ya ce, "Yanke!"

Illa ya datse wayar da almakashi a gindin bango, ya goge sunan tsohuwar na'urar daga kowace kwamfuta. Ya sake gwada manhajar, ta buɗe kafin ya ɗauke yatsa.

Alƙasum ya kasa fita ya duba. Yana tsaye a bakin ƙofar biro, duhu ya fara rufe tsakar gida, ya ce, "Shamsiya?"

Shiru. Ya dafe bango.

"Na'am, Baba." Muryarta ce, siririya, a gajiye. "Ruwa nike sha."

Nan ya zauna a ƙasa, dattijo da gemunsa, ya fashe da kuka.

An toshe ƙofar ɗakin baya da tubali a satin nan, kwamfutar tana ciki. Masu zuwa neman tsohon pilan ɗinsu sai ya ce musu ya ɓace, ya sake zana musu. Shamsiya ta murmure ta koma bakin aiki, ba ta tuna kome ba. Amma har yau, in rana ta yi ja, Alƙasum ba ya kiran ɗiyarsa daga nesa, ko tana nan tsakar gida. Ba zai iya jiran amsar ba. Tashi yake ya je inda take.