Motar Baba Mai Shan Baƙin Mai

"Kalli nan, Auta! Buɗe idonki ki kalla!"

Yaya ya zaro sandar gwada mai daga injin, ya ɗaga ta saitin fuskarta. A bushe take, sai ɗan baƙi-baƙi can a ƙarshenta.

"Satin da ya wuce na cika mata baƙin mai da hannuna. Ina ya tafi? Ko Mai Turarenki ne yake shafawa a gashi?"

"Haba Yaya... yana da suna fa."

"Ni turarensa na sani, shi ke riga shi shigowa gida."

Auta ta sunkuyar da kai. Motar nan ita kaɗai Baba ya bari da ya rasu, kuma da ita ake kai Mama wankin ƙoda asibiti. Yaya ba mazauni ba ne, aikinsa na tafiye-tafiye ne. Shi ya sa da saurayinta ya ce zai riƙa kai Mama da kansa, ya kuma kula da motar a wurinsa, Auta ta ji duk duniya babu wadda ta kai ta dace. Ita ta yi ta roƙo har aka ba shi makulli.

Ana cikin haka sai ga saurayin ya shigo ɗaukar motar, takalmi na sheƙi. Ya dubi bonet a buɗe, ya dubi Yaya, ya yi wani murmushi na raini.

"Babban yaya, an koma kanikanci ne?"

"Motar tana shan mai kamar ana zuba shi a rariya."

"Ai kowace mota tana sha. Tsohon inji ne, haka suke. Wanda bai san mota ba ne yake ɗaga hankalinsa." Ya juyo wurin Auta, ya sassauta murya. "Sahibata, kar ki bari a ɗaga miki hankali a kan abin da ba fanninki ba ne."

Yaya ya ja tsaki, ya maida bonet da ƙarfi, ya shige ciki.

Auta ta yarda da maganar saurayin. Me zai hana? Mutumin da ke kiranta hasken idonsa, yake durƙusawa har ƙasa in zai gaida Mama!

Sai ranar da Mama ta shirya tun da safe, ta zauna a falo da jakar magunguna a cinya, ƙafafunta sun kumbura. Shiru babu mota. Auta ta kira shi har ta gaji. Da ya ɗauka, hayaniya ce ta cika wayar.

"Zumata, yi haƙuri... motar tana gareji. Ringin inji ne ya lalace, shi ya sa take shan mai."

Kafin su samu tasi su isa asibiti, an ba wani gadon Mama. Ranar a zaune Mama ta wuni, numfashi na yi mata wuya, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci sunansa ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo a zuciyar Auta.

Da ya kawo motar su ganta, ta ce ya bar mata ita, za ta kai Mama wurin ƙanwarta. Amma garejin tsohon bakaniken Baba ta nufa.

"Malam, jiya an kawo maka motar nan gyaran ringi?"

"Ni? Rabona da ita tun da na sa mata sababbin tayoyi."

Ya tada injin, ya zagaya ya dubi salansa, ya leƙa ƙarƙashi.

"Babu shuɗin hayaƙi, babu yoyo. Ringinta lafiya lau, 'yata."

"To me ya sa take shanye mai a sati?"

"Tsohuwar mota irin wannan, in ta sha kamar lita a doguwar tafiya ta kilomita dubu da wani abu, ba a ce ta yi laifi ba. Amma daga gida zuwa asibiti? Sai ta yi watanni ba ki ƙara mata ba." Ya shafa tayar baya. "Dubi yadda suka suɗe. Dubi bayanta yadda ya zauna. Motar nan hanya take ci kullum, kuma da kaya."

Auta ta yi masa godiya, ta ja motar ta koma gida.

Da saurayin ya zo, ta maida masa makulli da murmushi. Washegari da safe ta tafi babbar tasha.

Ba ta sha wahalar nema ba. Ga motar Baba a layi, but a buɗe an danna buhuna an ɗaure da igiya, mutum huɗu a matse a baya. A kujerar gaba, inda Mama ke zama, wani ƙato ne ya ɗora ƙafa a kan dashbod. Shi kuwa gogan yana tsaye yana ɗaga murya: "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!"

"Ga ni," in ji Auta.

Ya juyo. Bakinsa ya buɗe, ya kasa rufuwa.

"Sa... sahibata! Me kike yi a nan?"

"Na zo duba ringi."

"Ki saurare ni! Wallahi don ke nake yi... don aurenmu! Ina so in tara abin da zan riƙe ki da shi..."

Ta dube shi tun daga gashin da ya sha gyara har zuwa takalmin. Wai wannan ne ta yi wa kuka! Wannan ne ta ɗaga wa Yaya murya a kansa!

"Da ka tambaya, da wataƙila Mama ta ba ka, ka san halinta. Amma ka bar ta zaune da jaka a cinya, kana nan kana kiran fasinja."

"Sau ɗaya ne fa, masoyiyata..."

"Kar ka ƙara kirana haka, bakinka bai kai ba. Ba ni makulli."

"A gaban mutane za ki wulaƙanta ni?"

"Kai ka tara su."

Wata dattijuwa a kujerar baya ta buɗe ƙofa ta fito. "Ɗan nan, ashe motar marar lafiya ce? Tir! Sauke mini kayana."

Ɗaya bayan ɗaya suka fita. Shi da kansa ya kwance igiyar, yana gumi, 'yan tasha na yi masa dariya. Auta ta karɓi makullin da yatsu biyu, ta shiga ta ja motar ba ta waiwaya ba.

Sai da ta tsaya a ƙofar gida kukan ya ƙwace mata. Ta kifa kai a sitiyari tana shessheƙa, don duk da komai ta so shi, so na gaske.

Yaya ya fito ya tsaya a gefen taga. Ta jira gori, ta san ta cancanta. 

"In kin gama, ki wanke fuskarki," ya ce a hankali. "Mama ta ƙi karyawa, wai sai autarta ta dawo."